Daga gaban alƙali zuwa zauren majalisa

A kotu mutum ɗaya nake ƙoƙarin gamsarwa. In na tara hujja, na kawo hukuncin Kotun Ƙoli da ya dace da shari'ata, to na yi nawa. Da na zama ɗan majalisar dokokin jiha sai na tarar kawuna ake ƙirgawa. Ko ka fi kowa iya jawabi, in ba ka zaga wurin abokan aiki tun kafin zama ba, ƙudurinka ba zai tsallake karatu na biyu, wato matakin muhawara a zaure, ba. Jawabin zaure galibi na 'yan jarida ne da mutanen mazaɓa.

Inda lauyancina ya yi rana shi ne kwamiti. Nan ake bin ƙuduri sashe-sashe, ba kyamara, ba tafi, wasu ma na gyangyaɗi. Wata rana aka kawo mana ƙudurin sanya haraji a kan haƙar ma'adinai, kowa na murna jiha za ta samu kuɗin shiga. Na buɗe kundin tsarin mulki na 1999, na ɗora yatsa a kan jadawali na biyu, inda aka jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ma'adinai na ciki. Shugaban kwamiti ya ɗaure fuska ya ce, “Barista, kai kullum sai ka ɓata mana lissafi.” Na ce, “Ranka ya daɗe, gara ni da alƙali.” Aka janye ƙudurin. Doka irin wannan, ƙara ɗaya ta ishe ta.

Sashe na 100 na kundin ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu kan ƙudurin da majalisa ta amince da shi ko ya ƙi, kuma kashi biyu cikin uku na mambobi na iya tsallake shi. A takarda ke nan. A aikace, tara wannan adadi a kan gwamnan jam'iyyarku sai an sha wuya. Majalisar Tarayya ta taɓa yi wa Obasanjo haka a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, kuma har yau da ita ake buga misali saboda ƙarancin irinta.

Mutanen mazaɓa kuwa ba ruwansu da sashe kaza. Kuɗin asibiti ne, neman aiki ne, belin yaro ne. Wannan na ƙarshen na fi iyawa, don haka lauyoyin da na bar wa ofishina ba su huta da wayata ba har wa'adina ya ƙare.