Ja ko kore? Yadda muke zaɓar ruwan lagireto a garejina

Garejina yana nan Jos, ta wajen Farin Gada, ni da yara huɗu. Yawancin aikin da ke shigo mana na zafin inji ne: lagireto, wata-fam, fanka, gaskit. Idan ana raha nakan ce Hawan Kibo ne babban dillalina. Mota za ta taso daga Abuja ta wuce Akwanga lafiya lau, tana kama hawan nan da lodi sai allura ta miƙe, bonet ya fara hayaƙi. Washegari sai ka gan ta a ƙofarmu an jawo ta da igiya.

In na buɗe murfin lagireton, abin da na saba tararwa ruwan leda ne ko na bohol, ya koma ja kamar kunun kanwa saboda tsatsa. Ka tambayi direba ya ce maka, "Oga, ai kulan na ƙasar ƙanƙara ne, mu nan me za mu yi da shi?" To, gaskiya ne ko a tsakiyar hunturun Jos ruwa ba ya daskarewa a cikin inji. Amma hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Kulan haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai suna gilaikol, sai magungunan hana tsatsa. Idan aka haɗa rabi da rabi, ba ya tafasa sai wajen digiri 107, kuma da murfi mai riƙe iska da kyau yakan wuce 120. Mu kuwa muna kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, inda ruwa zalla ke tafasa tun wajen digiri 96. Inji yana aikinsa a wajen 90. Ka ga tazarar ba ta da yawa, murfi yana ɗan saki shi ke nan.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta wanda ya yarda zai sayi kulan ɗin, amma da ido yake zaɓa. Ni kaina a nan na sha kashi.

Wani direban Sharon mai jigilar Jos zuwa Abuja ya kawo mana mota a sauya masa tiyo ɗaya. Ruwan da ke ciki ja ne, irin na Volkswagen da ake kira G12. Wanda ya zube wajen aiki, sai na ce wa yaro ya cike da koren galan da ke shago, don a lokacin a ganina kulan kulan ne. Bayan 'yan makonni sai ga mutumin ya dawo, rai a ɓace. Ruwan ya kaɗe ya koma ruwan ƙasa mai kauri, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

"Malam, me ka zuba mini a mota?"

"Alhaji, ka yi haƙuri, laifina ne, ba na yaro ba."

Na wanke injin ciki da bai, na sa wani lagireton da kuɗin aljihuna. Allah Ya sa gaskit bai ƙone ba.

Tun daga ranar na zauna na nemi sanin abin. Launi rini ne kawai da kamfani ya ga damar sawa, babu wata doka da ta ce ja kaza ne, kore kaza ne. Bambancin yana cikin maganin tsatsar. Tsohon samfuri, wanda aka fi sani da kore, yana shafe cikin inji da silikat da fosfet, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa da wuri, shi ya sa ake sauya shi duk bayan shekara 2. Sabbin kuma, waɗanda za ka ga an rubuta OAT ko HOAT a jikin galan, sun fi daɗewa. Motocin Japan sun fi son mai fosfet marar silikat. Na Turai kuwa gudun fosfet suke yi, don yana haɗuwa da ruwa mai gartsi ya yi ɓawo a cikin inji. Saboda haka jan Toyota da jan Volkswagen ba 'yan gida ɗaya ba ne, kama da wane ba ta wane. Honda nata shuɗi ne. Toyota tana da ja, tana kuma da ruwan hoda wanda ya zo a haɗe, shi ba a ƙara masa ruwa.

Yanzu in mota ta shigo, littafinta nake fara nema. Yawancin 'yan Beljiyam ba sa zuwa da shi, sai in duba jikin robar ajiyar ruwa, domin motocin Jamus kan rubuta lambar a wurin, ko in nemo a waya da sunan motar da shekararta. Idan ban san abin da ke ciki ba, ba na ciko. Zubarwa nake yi gaba ɗaya, a ɗauraye, a zuba sabo iri guda. Masu mota sukan yi tsaki saboda kuɗin, sai in ba su labarin Sharon.

Wanda bai zo a haɗe ba, da tataccen ruwa irin na batir ake sirka shi, amma a lura kada yaro ya ɗauko mai asid. Wasu kuma zuba shi suke yi gangariya wai don ya fi ƙarfi, alhali gilaikol zalla bai kai ruwa kwashe zafi ba.

Sai jabu. Kasuwa cike take da ruwan da aka rina aka ɗura a galan mai kyau. Na gaske yana da ɗan santsi in ka murza a yatsa, amma ban tsaya nan ba, na sayi 'yar na'urar auna kaurinsa. Kada dai kowa ya gwada da harshe. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Shi ya sa tsohon da muka zubar ba ma barinsa a faranti a buɗe, don awakin unguwa da yaran makwabta ba sa rabuwa da bakin gareji.

Akwai wata al'ada tamu ta makanikai da na daina: cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya ɗumama, da zarar mota ta sauka daga jirgi, wai ƙasarmu da zafi. A Jos, da asubar Disamba, injin da ba shi da tamostat zai daɗe bai ɗumama ba, yana ta shan mai a banza. In ya lalace, sabo nake sawa.

Kowace motar da muka sauya wa ruwa, ƙaramin yarona yakan rubuta irin kulan ɗin da ranar a cikin bonet da farar maka. Direban Sharon ɗin nan har yanzu nan yake kawo motarsa, kuma duk sanda ya zo sai ya leƙa galan ɗin da kansa kafin a zuba.