Daga Kano Zuwa Filayen Golf na Jos a Lokacin Hunturu

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, sannan muka hau tudun Jos. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 300, kuma dajin Falgore ba wurin bi da dare ba ne, shi ya sa sammako ya zama dole. Jakunkunan sanduna mun kwantar da su a but, ba mu ɗora kaya a kai ba, domin doguwar sandar bugun farko ita ce ke saurin lanƙwasa idan mota ta faɗa rami.

Filaye biyu muka nufa, Rayfield da Lamingo. Kulob ɗin Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma har yau kududdufan da haƙar ta bari suna nan warwatse a yankin.

Abin da ke fara rikita ɗan wasan Kano shi ne tudu. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Iskar Jos ba ta da nauyi, don haka da rana ƙwallo na ƙara tafiya. Bugun da ka saba yi na yadi 150 zai iya zarcewa da yadi 5 ko 6, wato kusan rabin tazarar da ke tsakanin bugun wata sanda da na mai bi mata. Amma da sassafe lissafin ya juya: sanyi na sa iska ta yi nauyi, ƙwallo ta taurare, jiki bai saki ba, sai bugu ya gaza. A ramuka 9 na farko na riƙe sandunan da na saba, sai da hantsi ya dubi ludayi na fara ragewa, wato ɗaukar sandar da ba ta kai ƙwallo nesa sosai.

Ƙasar rani kuma ta bushe ƙamas. Wanda ya saukar da ƙwallo daidai kan tutar da ke nuna rami zai gan ta ta yi tsalle ta wuce. A sauke ta kafin a isa, a bar ta ta gangara. A kan tsandauri kada a ɗauki sanda mai faɗin ƙasa wadda ake fitar da ƙwallo daga rairayi da ita, domin gindinta na dukan ƙasa ya tashi, bakin ya sari ƙwallo a tsakiya. Sanda mai lamba 8 ko 9 ta fi.

Inda aka tarar da wurin rami na rairayi da aka cakuɗa da baƙin mai, irin wanda filayen Arewa da yawa suka daɗe da shi saboda ƙarancin ruwa, dabarar ta sake. Mai ɗaukar jaka zai share maka layi daga ƙwallo zuwa rami, ka buga da ƙarfi fiye da yadda za ka yi a ciyawa, don rairayi na cin gudu. Kada a hau da takalmi mai ƙusa. A riƙe tsumma a aljihu, domin mai na maƙalewa a ƙwallo ya ɓata bugu na gaba.

Mai ɗaukar jaka ɗan wurin ya fi kowane lissafi amfani. Wanda ya bi ni ya tsaya a bayana ya ce, "Alhaji, rage sanda ɗaya, iska na bayanka." Haka aka yi kuwa. A yi ciniki da shi tun kafin a fara, kuma a kira kulob tun daga gida a ji kuɗin baƙo da ranakun gasa, kada a je a tarar fili a cike.

Doka ta ƙayyade sanduna 14 a jaka, neman ɓatacciyar ƙwallo kuma minti 3 ne tun 2019, don haka a zo da ƙwallo dozin guda. Ramuka 18 na cin kusan awa 4 a ƙafa. A tanadi ruwa lita 2, rigar sanyi marar kauri da ba za ta ɗaure kafaɗa ba, da man leɓe. Mai son zuwa da damina ya fara wasa da ƙarfe 7 na safe, domin hadarin Jos da rana yake haɗuwa, kuma da an ji tsawa a ajiye sanda a bar fili.