Lamba 4,294,967,297 da abin da ta ɓoye wa Fermat

A cikin manyan lambobin da nake sha'awar nazari, babu wadda ta kai 4,294,967,297, domin duk wanda ya dube ta a sama-sama zai ɗauka lamba ce ta firam, wato irin wadda ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. Ana samun ta ne idan aka jera 2 guda 32 aka ninka su da juna, sannan aka ƙara 1. Ita ce ta shida a jerin da ake dangantawa da masanin Faransa Pierre de Fermat, bayan 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537, waɗanda dukkansu firam ne. Ganin haka ya sa Fermat, a wajajen shekarar 1640, ya yi zaton cewa duk jerin haka yake.

Sai a 1732 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna cewa lambar ta samu ne daga ninka 641 da 6,700,417. Hujjar da ya bayyana daga baya ita ce ta fi burge ni: duk firam ɗin da zai raba wannan lamba dole ne ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Saboda haka, maimakon a gwada dubban lambobi, sai a gwada 193 da 257 da 449 da 577, a gwaji na biyar a iske 641 ta raba ta ba tare da saura ba.

Wajen rabe-rabe, lambar mara ce, wato 2 ba ta raba ta, kuma masu raba ta huɗu ne kacal: 1 da 641 da 6,700,417 da ita kanta. Idan aka tara ukun farko ana samun 6,701,059, wanda ya yi ƙasa da ita ƙwarai, shi ya sa ake sanya ta cikin gajiyayyun lambobi. A tsarin sifili da ɗaya na kwamfuta kuwa, 1 ce a farko, sifili 31 a tsakiya, 1 a ƙarshe.

Akwai gwajin da aka samo daga wata ƙa'ida ta shi Fermat ɗin, wanda kowane firam yake tsallakewa. Idan aka yi shi da 2, wannan lamba tana tsallake shi kamar firam na gaske, kuma sai an sake shi da 3 asirinta yake tonuwa. Wata alamar ita ce ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ta hanya biyu: 65,536 sau kanta a tara da 1, ko kuma 62,264 sau kanta a tara da 20,449 sau kanta. Lambar firam ba ta taɓa amincewa da hanya fiye da ɗaya. Har yau ba a gano wani firam a jerin Fermat ba bayan 65,537.