Ƙanena na shirin ƙanƙara, ni ina shirin ƙura

Wata Asabar a ƙarshen Oktoba bayan sallar isha'i ina kan benci a ƙofar gida ina shan iska, sai ga kiran bidiyo ta WhatsApp daga ƙanena da yake Winnipeg ta ƙasar Kanada. Su a lokacin wajen ƙarfe biyun rana ne don awa shida ne tsakaninmu, in sun mayar da agogo baya a farkon Nuwamba kuma ya koma bakwai. Ina ɗagawa na ganshi a gareji ya tsuguna gaban wani jan inji hannu duk baƙin mai, na ce kai kuma yaushe ka koma kanikanci, karatun ne ya gagara? Ya yi dariya ya ce Yaya ai sanyi ne ya kunno kai, dattijon da nake haya a gidansa ciwon baya ya hana shi sakat, shine ya ce in duba masa injin kwashe dusar ƙanƙara tun kafin ta fara zuba, don in ta zubo cikin dare da safe ko mota ba ka iya fitarwa daga gida.

Na ce juyo min da wayar in ga abun da kyau. Wallahi in ka ganshi kamar an haɗa baro da injin markaɗe ne. A gabansa akwai wani ƙarfe mai murɗe-murɗe irin na cikin injin markaɗe amma babba, shi ke tsinke ƙanƙarar yana turo ta tsakiya, a bayansa kuma wata fanka ta ƙarfe ta ɗebe ta ta watso ta cikin wani bututu da kake juyawa duk inda kake so ta faɗi, ka dai kiyaye kar ka tara wa maƙwabci a ƙofarsa. Sauran kuma duk abun da muka sani ne, tanki, kafireto, fulogi, cok, bel guda biyu da igiyar ja, kusan injin janareto ne aka ɗora masa baki.

Abun da ya fi burge ni wasu ƙusoshi ne ƙanana da ya nuna min a leda. Wai su ke riƙe da murɗaɗɗen ƙarfen a jikin sandarsa, kuma da gangan aka yi su ba ƙwari, don in injin ya haɗiyi dutse ko katako ko jaridar da ta daskare a ƙarƙashin ƙanƙara, ƙusar ta karye maimakon giyar injin ta tarwatse. Ƙusa ta 'yan kuɗi kaɗan, giya kuwa kusan ka sayi wani injin. Na ce masa Allah ya so ba a Kano injin nan yake ba, da karyewar farko za a kai wa mai walda ya like wajen gaba ɗaya a ce an yi maganin abun, mu da in fis ya ƙone sai mu ɗaura masa waya mu ce mun yi dabara. Ya kuma ce abu na farko da dattijon ya gargaɗe shi, in bututun ya toshe kar ya kuskura ya sa hannu ko da ya kashe injin, saboda fankar tana iya zama a ɗame, kana cire abun da ya tokare ta sai ta juya ta tafi da yatsu. Akwai wata 'yar sanda ta roba da take zuwa da injin don wannan aikin kawai.

To amma duk wannan ba shi ne ya tsugunar da shi ba. Injin ƙin tashi ya yi. An ajiye shi tun watan Afrilu da ragowar fetur a ciki, wata shida ba wanda ya taɓa shi. Ya ce Yaya ka san fetur yana lalacewa? Na ce ina fetur ke lalacewa, sai ka ce madara. Ashe haka ne. In ya daɗe a ajiye, ɓangarensa mara nauyi wanda shi ke saurin kama wuta sai ya bi iska, a bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro ya like a ɗan ramin da mai ke bi cikin kafireto, ramin da bai fi tsinin allura ba. Nasu ma ya fi saurin ɓaci don yawanci akwai sinadarin etanol a ciki har kashi 10 cikin 100, shi kuma yana jan danshi daga iska. Shi ya sa suke zuba wani ruwa da ke hana man ɓaci in za a ajiye inji, ko kuma su tsiyaye shi tas.

Yana wannan bayanin ni kuma zuciyata ta tafi kan janaretona da yake ƙarƙashin bene an yafa masa tsohon buhu.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya zama abun da ya zama, na lallaɓa na haɗa 'yar sola, fanel huɗu da batir, tana ɗaukar fanka da fitilu da cajin waya da talabijin ɗin yara. Daga nan janareto ya zama ɗan kallo, sai in za a jawo ruwa sama kuma ba wuta, bana ma rabon da in tashe shi tun kafin damina ta kankama. Kuma wanda duk yake da sola a garin nan ya san hunturu ba ya mata daɗi. Hazon nan da iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, in ya sauko har jirage sukan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, rana tana sama amma kamar an rufe ta da farin mayafi, ga ƙura ta kwanta kan fanel kullum sai an hau an goge, batir ba ya cika, ƙarfe goman dare ka ji infata ta fara kuka. A lokacin ne kowa ke tunawa da janareto, a lokacin ne kuma kanikawa ke cika da layi.

Washegari da safe na yaye buhun. Na buɗe mai, na ja cok, na ja igiya. Shiru. Na ja, na ja, har kafaɗata ta fara zafi, yara sun zagaye ni suna ƙirgawa, a na goma sha ɗaya ya yi tari sau ɗaya ya koma barcinsa. Uwargida daga kicin ta ce Abban yara ka kira mai gyara mana kafin ka ɓalla hannu. Na shinshina tankin, warin ma ya canza, ya koma kamar na tsohon fenti.

Mai gyaran namu dattijo ne, tun zamanin mahaifinmu yake mana aiki, Baba muke ce masa. Ya zo da sifanunsa a jakar buhu, bai ko ja igiyar ba ya kwance kofin da ke ƙasan kafireto ya miƙo min, ciki wani abu ne ruwan ƙasa-ƙasa ya kama kamar an soya suga. Ya ce Alhaji kai ma ka shiga layin masu sola kenan, duk wanda ya kira ni kwanan nan ciwon ɗaya ne. Ya wanke da sabon fetur, ya zura siririyar waya a ramin, ya busa da baki, ya goge fulogi ya ce wannan ta gaji a sayo sabuwa, ya juye tsohon baƙin man da ya yi kauri ya zuba sabo, bai kai lita ɗaya ba ma abun da injin ke ci. Sai ya buɗe gidan soson iska. Nan ne na ji kunya gaskiya, soson ya koma kamar tubali, ƙurar bara ce ko ta bara waccan Allah masani. Ya ce wannan a hunturu duk sati biyu ka cire ka wanke da ruwan omo, ka bari ya bushe sosai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse, man shi ke kama ƙurar. In ya toshe injin ya dinga shan mai yana baƙin hayaƙi, in kuma ka cire shi gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi wai don inji ya sha iska, to ƙurar nan yashi ce, cikin silinda za ta shiga ta cinye ringi. Da na ba ƙanena wannan labarin ya ce abun mamaki yawancin injinan ƙanƙara ba su da soson iska sam, don ba ƙura a lokacin kuma soson zai iya jiƙewa ya daskare ya toshe. Kowa da abun da ke damunsa.

Dabarar da Baba ya bar min mai sauƙi ce, in za ka ajiye inji ka rufe famfon mai yana cikin aiki ka bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa, sannan ko ba ka buƙatarsa duk wata ka tashe shi ya yi minti ashirin da kaya a kansa. Kusan kalma da kalma abun da dattijon Winnipeg ya faɗa wa ƙanena, mutum biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Maganar mota kuwa a nan muka rabu da su nesa. Mu sanyinmu in ya yi tsanani a Janairu da asuba ya sauko wajen digiri 10 zuwa 12, mu naɗe kai da rawani mu yi ta cewa bana an yi sanyi. Su kuma a Janairu 20 ƙasa da sifili ba labari bane, yakan kai 30 har ya wuce. Ya nuna min wata igiyar lantarki tana leƙowa daga gaban motarsa, na ɗauka ta caji ce, ashe hita ce a jikin injin, ana jona ta da soket awa uku ko huɗu kafin a fita don kar baƙin mai ya yi kauri ya hana inji juyawa, har wuraren ajiye motoci da yawa akwai soket a jikin turaku. Baƙin man ma ba irin namu 20W-50 bane, su 5W-30 ko 0W-20 suke sawa, harafin W ɗin nan da muke gani a galan ashe lokacin sanyi yake nufi, in lambar gabansa ta yi ƙasa man ya fi gudu cikin sanyi. Taya ma canzawa suke gaba ɗaya huɗun, don robar taya ta yau da kullum tana taurarewa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, a lardin Kebek ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Lagireto kuwa in ka zuba masa ruwan famfo zalla irin yadda muke yi, ruwa in ya daskare kumbura yake, sai ya tsaga injin, shi ya sa suke haɗa shi rabi da rabi da ruwan hana daskarewa, wanda ke jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili.

Inda muka haɗu shine batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ko a nan batirin da ya yi shekara uku yana lallaɓawa, safiyar farko ta hunturu sai ka ji ƙyar-ƙyar-ƙyar, ka fara neman samarin unguwa su tura. Kuma zafinmu na Afrilu ne ya riga ya cinye shi tun tuni, sanyin tona asiri kawai ya yi. Na kai motata wajen mai riwaya ya kankare farin garin da ya taru a kan batir ya shafa giris, ya gwada ya ce zai kai bana. Na biya Ƙofar Ruwa na sayo matatar iska da robar waifa, na tsaya wajen mai faci ya duba iskar taya don ita ma tana sauka in gari ya yi sanyi. Waifa ɗin kar a raina ta, gilas ya yi ƙura ka kunna ta a bushe sai ta zane maka shi, da dare fitilar wanda ke tahowa ta watsu a kai ga hazo, ba ka ganin mai adaidaitan da ke gabanka. Ka cika robar ruwan gilas kawai, ba tsada.

Abu ɗaya da ban yi wasa da shi ba a hirar tamu shine hayaƙi. Ƙanena ya ce a can duk sanda guguwar ƙanƙara ta katse wuta sai an samu waɗanda suka kunna janareto a gareji saboda sanyi, an gani a Kebek da Ontariyo a Janairun 1998, an gani a Tekzas ta Amurka a Fabrairun 2021, wasu mutane sun mutu ba don sanyin ba sai don iskar da ke fita daga salansar injin, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci kawai sai a wayi gari. Ƙa'idarsu inji ya yi nesa da gida kamar mita shida, salansa ta kalli waje. Ko mota ce ta maƙale a ƙanƙara sai ka fita ka tone bakin salansa kafin ka zauna ciki da inji a kunne. Na yi shiru don nawa a ƙarƙashin bene yake, taku uku daga tagar ɗakin yara, ina tsoron ɓarayi ne na kawo shi nan, kuma hunturu lokacin da ake toshe ko'ina da labule da tsumma ne, wasu ma har da kaskon gawayi a ɗaka, wanda shi ma irin wannan iskar yake fitarwa. Na kira mai walda ya yi masa keji a can bayan gida jikin katanga, na ƙara waya, kuɗin ya ɗan ciji aljihu amma an yi.

Shekaranjiya ya turo min bidiyo, ta zubo musu cikin dare har ta rufe matakalar ƙofa, injin ya tashi a ja na biyu yana ta feso fari kamar garin rogo. Bai yi minti goma ba ya haɗiye tabarmar goge ƙafa da aka manta a waje, ƙusa ɗaya ta karye, ya ce Yaya hannuna ya ƙi riƙe sifana don sanyi sai da na shiga ciki na ɗumama. Mu kuma nan yau da asuba na fito masallaci ban hango ƙarshen layinmu ba, hazo ya sauka, leɓena har ya fara tsagewa. Na taɓa fanel da yatsa na rubuta sunana a kai. Da yamma zan sa babban yarona ya hau ya goge, ni kuma in je in cika jarka, lita biyar kawai, wanda zai ƙare kafin ya tsufa.