Asabar da dare: sandar da ta zama toka

Tun da yamma muke kan wasan Dungeons & Dragons da abokai ta intanet, sai yanzu muka tashi. Ni ke jan ragamar wasan: in tsara labari, in riƙe dodanni, su kuma kowa ya riƙe jaruminsa. Dokokin bugu na biyar muke bi, wanda ya fito a 2014, ko da yake shi wasan tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi.

Yau na haɗa su da dodon nan da ke rikiɗa daga mutum zuwa kyarkeci. A dokokinmu, makami ba ya cin sa sai in na sihiri ne ko an shafe shi da azurfa. Mayaƙinsu ya yi ta sara da takobinsa na ƙarfe, a banza. Matsafiyarsu kuwa tana mataki na uku, guraben sihiri 6 gare ta a yini (wato yawan manyan tsafin da za ta iya yi), 4 ƙanana, 2 da suka ɗan fi ƙarfi, kuma duk ta ƙarar da su a hanya. Ba za su cika ba sai an yi dogon hutu na awa 8. Abin da ya rage mata wata sanda ce mai harba kibau na haske. Caji 7 take ɗauka, kullum da asuba wasu su dawo, amma duk wanda ya yi amfani da na ƙarshe dole ya jefa ɗan ludo mai fuska 20. In 1 ya fito, sanda ta ruɓe ta zama toka.

Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin numfashinta a lasifika. Can ta ce, "Harba, ko me zai faru ya faru." Ta harba har da caji na ƙarshe, dodo ya faɗi. Ta jefa ɗan ludo, sai ga 1. Kowa ya ɗauki ihu, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ke ƙara min son tsarin nan ke nan. Takobin da aka rubuta wa +1 ba wani abin a zo a gani ba ne, kashi 5 cikin 100 yake ƙara wa damar sara ya samu. Amma sihirin da ke ƙarewa, ko wanda zai iya raba ka da abin da kake ji da shi, shi ke sa ɗan wasa ya tsaya ya auna. A wasannin kwamfuta da yawa, in ma'aunin ƙarfin sihirinka ya yi ƙasa, kwalbar magani za ka kwankwaɗa ka ci gaba, ba wata fargaba. Skyrim na 2011 ya ɗan yi ƙoƙari, domin makamin sihiri a can cajinsa na ƙarewa, sai ka kama kurwar wata halitta a dutse ka sake cika shi.

Daga baya gardama ta kaure a kan ganima. Sun samu takobi mai ci da wuta, wanda ke ƙara ɓarnar ɗan ludo biyu masu fuska 6 a kowane sara. Irinsa sai mutum ya zauna awa guda ya ƙulla alaƙa da shi kafin sihirinsa ya yi masa aiki, kuma ba a ƙulla wa da kaya fiye da 3 a lokaci ɗaya. Mayaƙin ya riga ya cike nasa. Ya roƙe ni in ɗaga masa ƙafa, na ƙi. Da kyar ya cire zoben kariyarsa ya miƙa wa matsafiyar.

Mako mai zuwa zan ajiye musu gatari mai la'ana a kogo. Sihirin gano sirrin kaya galibi ba ya tona la'ana, sai an ƙulla alaƙa take bayyana, kuma ba a rabuwa da gatarin sai an karya ta. Zan sa alamu a bangon kogon, mai lura ya gani.