Na Ga Lokaci Yana Tafiya a Jaipur

Jinyar Yaya ce ta kai ni Delhi. Da likita ya ce sai bayan kwana uku zai sake duba shi, sai na ce bari in leƙa Jaipur, tafiyar kamar awa biyar a jirgin ƙasa.

Daga tasha na hau adaidaita sahu, irin namu sak, dama daga Indiya ake kawo mana su. Direban ya ga baƙo ya tsuga kuɗi, bai san a Kantin Kwari na tashi ba. Sai da ya sallama a rabi, yana ta ƙunƙuni. A ƙofar Jantar Mantar, tsohon wurin auna lokaci da nazarin taurari, ma kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, nan kuma babu ciniki.

Na zaci agoguna zan tarar cikin gilashi. Ashe fili ne mai na'urori 19, yawancinsu ginin dutse da marmara, waɗanda Sarki Jai Singh na biyu ya kammala a 1734. Babbar cikinsu, Samrat Yantra, katanga ce mai kusurwa uku, tsayinta mita 27. Inuwarta na sauka kan wani lanƙwasasshen marmara da aka tsaga layi-layi.

Wani dattijo mai yi wa baƙi jagora ya ce in sa ido kan bakin inuwar, kada in motsa. Wallahi tafiya take! Kusan milimita ɗaya a daƙiƙa, kamar tururuwa. Agogon hannu zagaye yake yi ya dawo inda ya taso, sai ka ɗauka lokaci ma dawowa yake. Wannan kuwa kana kallo yana wuce ka, sai da tsigar jikina ta tashi.

Na duba wayata, na ga bambancin kusan rabin awa, na ce masa agogonsu ya lalace. Ya yi dariya ya ce wayar lokacin gwamnati take bayarwa, dutsen kuma lokacin ranar Jaipur. Nan na tuna marigayi kakana yana auna inuwa da tafin ƙafa kafin ya kira la'asar. Da na ba dattijon labari, sai ya saya min shayi mai citta a kofin yumɓu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Hawa Mahal, wani tsohon ginin fada mai tarin tagogi, daga bakin titi na hange shi, rana ta yi min yawa. Jirgin yamma ya yi latti. Na tarar Yaya ya yi barci.