Sunan da maza ke zuwa da shi asibiti

Shekarata takwas ina aikin jinya a ɗakin maza na wani asibiti a cikin birnin Kano, ban taɓa ganin namijin da ya shigo ya ce yana tsoron ciwon daji ne ba. Kowa da sunan da ya taho da shi daga gida: wannan sanyi, wancan basir, ɗayan shawara. Da ina sabon zuwa, abin da aka faɗa min shi nake rubutawa. Wani likitan tiyata ne ya ce in bar sunan, in tambayi mutum abin da yake gani da idonsa.

Sanyi ya fi koya min darasi. Sai ɗan majinyacin ya fita daga ɗakin tukuna, don a gaban ɗa ba za ka ji komai ba, sannan dattijo zai ce yana tashi fitsari sau biyar kafin asuba, in ya gama kuma ɗigon ya karya masa alwala. Furostet ce, wata 'yar tsoka kamar goro da ta rungume hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Galibi kumburin tsufa ne kawai. Amma dajinta shi ya fi kowane daji kama maza a Najeriya, kuma a farkonsa shiru yake yi. Wasu sai ya kai ƙashin baya ake kawo su ranga-ranga. Shi ya sa muke cewa wanda ya kai 45 zuwa 50 ya nemi gwajin jini na PSA, wanda kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon ya fara tun daga 40. Hawan PSA ba hukunci ba ne, sai an ɗebi ɗan nama an duba. Inda ake kai ruwa rana shi ne gwajin yatsa ta dubura. "Haba ɗana, da girmana?" Na ji wannan ya fi a ƙirga, alhali ko minti ɗaya ba ya kaiwa.

Basir kuwa, masu lasifika a bakin kasuwa sun riga mu. Mutum na ganin jini a bayan gida yana ramewa, ya shekara yana shan jiƙo, ashe dajin hanji ne.

Shawara ce ke ɗaga min hankali, don magidanta 'yan talatin da arba'in take kwantarwa. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a duba a tarar hanta ta ƙare. Sau da yawa ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce tun ta yarinta, gubar gyaɗa da masara masu fumfuna ta ƙara mata ƙarfi. Sai a 2004 allurar kariya daga wannan ƙwayar ta shiga rigakafin jarirai a ƙasar nan, ke nan mu da muka girmi shekarar sai mun nema da kanmu. Na gwada, ba ni da ita, na karɓi allura uku.

Akwai kuma tsargiyar da yara ke ɗebowa a kududdufi da gonakin shinkafa irin na Kura. Maganin praziquantel na kashe ta, in an bar ta kuwa tana iya zama dajin mafitsara bayan shekaru, balle ga mai shan taba.

Bara na shawo kan mahaifina ya ba da jini, sakamakon ya yi kyau. Na yatsa har yanzu muna ciniki. Ya ce sai in likitan ya girme shi.